Malam Ukasha Maikasuwa, Mutumin da Ya Ƙi Ba Mahaifiyata Magani

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, biyar ga watan Zulhajji 1445, daidai da sha ɗaya ga watan Yuni 2024, Allah ya karɓi ran Malam Ukasha Maikasuwa, shugaban ɗakin magani na asibitinmu, a gidansa da ke Roni, bayan jinyar kwana tara. Ina tsakiyar duba marasa lafiya bayan azahar, Habiba, babbar nas ɗinmu, ta shigo ofishina ba sallama, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta dafa ƙofa ta ce, "Dakta, Malam ya cika." Bayan la'asar muka kai shi makwancinsa, ƙasa na da sauran danshin ruwan da aka yi da safe. Ya rasu yana da shekara hamsin da takwas, ya bar mace ɗaya da 'ya'ya shida.

Sunana Ashiru, ni ne likitan da ke shugabancin ƙaramin asibitin al'ummar da muka yi aiki tare da shi shekara goma sha ɗaya a ƙasar Kazaure. Waɗanda suka san ni sun san yabo ba ya yi mini sauƙi, kuma ina da saurin hawa. Ban ɗauki alƙalami don in jera kyawawan halayen Malam Ukasha ba, jama'ar da ta cika maƙabartar Roni ta riga ni. Akwai wata magana da ya kamata in faɗa a gabansa, a gaban mutane, tun yana da rai. Na yi ta ɗaga ta har ƙasa ta rufe idonsa. Ita nake so in faɗa yau, ko da kuwa za ta rage mini girma a idon wasu.

Malam Ukasha gajeren mutum ne, mai tabarau da igiya a wuya, da jan biro a aljihun farar rigarsa. Mu likitoci mun tsani jan biron nan. Idan ka rubuta takardar magani ya ga abin da bai kwanta masa ba, ba ya aiko kowa. Shi da kansa zai taka har ƙofarka, ya yi sallama, ya jira ka gama da mara lafiya, sannan ya ajiye takardar ya ce, "Ranka ya daɗe, a sake duba mini nan." Ba ya ɗaga murya, ba ya kuma tafiya sai an duba. Na sha ce masa ya fi kaska naci. Sai ya yi murmushi ya ce ai naci ne sana'ar tasu.

Abin da aka fi saninsa da shi tun daga Gwiwa har Babura shi ne zaman Laraba. Duk mai ciwon da ba a rabuwa da magani, hawan jini, ciwon suga, asma, farfaɗiya, an umarce shi ya zo ranar Laraba da duk maganin da ke gidansa a cikin leda. Ba wanda muka ba shi kaɗai ba, har wanda ya saya a kemis, da wanda maƙwabci ya sam masa, da wanda wani mamaci ya bari aka ga asara ce a zubar. Malam yana zaune gaban wani babban tire, Sadiqa mataimakiyarsa a damansa, Habiba da abin awon jini a hagunsa, sai Malam Sama'ilu, ma'aikacin lafiyar da ke bin ƙauyuka a kan babur, yana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya zauna, kalmar Malam ɗaya ce: "Juye mu gani." Har tsofaffi suka raɗa masa suna Malam Juye, kuma yana amsawa.

A kan tiren nan zai ware wanda za a ci gaba da sha, da wanda za a bari nan take, da wanda sai an tambayi likita. Bai yarda da cewa "sau uku a rana" ba, don ya ce ba kowa ke da agogo ba amma kowa yana da salla. Sai ya ce wannan bayan asuba, wannan bayan azahar, wannan bayan isha'i, Sadiqa ta zana alama a jikin ambulan, sannan a sa mutum ya maimaita da bakinsa kafin ya tashi.

Na tuna wani dattijo makiyayi daga wajen Gwiwa, ana ce masa Hamma. Da ya juye ledarsa sai ga ƙwayoyin da yake ɗura wa maruƙansa, ya ce idan jikinsa ya yi nauyi yakan haɗiyi biyu shi ma, tunda yana ganin amfaninsu a kan dabba. Mutane suka fara ƙunshe dariya. Malam bai ko motsa baki ba. Ya tambaye shi lafiyar garke, ya tambaye shi ruwa da ciyawa, sai da dattijon ya saki jiki sannan ya ce, "Baffa, waɗannan a bar wa masu su, ga naka nan." Wata Larabar Hamma ya dawo da 'yan'uwansa huɗu, kowa da ledarsa.

Duk wannan ina kallonsa a matsayin ɓata lokaci. Na faɗa a taron ma'aikata, da bakina, cewa aikin ɗakin magani miƙawa ne, tunani na likita ne. Malam yana zaune ya ji, kuma bai fasa zaman Laraba ba.

A damunar 2017 ne mahaifiyata ta fara jiri. Sunanta Shatu, muna ce mata Inna, tana zaune a gidanmu na Kanya Babba. Ta daɗe da hawan jini, ni nake duba ta, ni nake rubuta mata magani. Ba ta taɓa zuwa zaman Laraba ba, don a ganina uwar likita ba ta bin layi da leda. Matan gidan suka fara kirana a waya, yau ta dafe bango, gobe ta zauna daɓas a tsakar gida. Na sa aka kawo ta, na auna jininta, na ga ya hau. Na ƙara mata magani, na haɗa da na jiri. Bayan mako uku ta faɗi a bakin randa ta karya wuyan hannu. Aka sake kawo ta, muka ɗaure hannun, na sake aunawa, jini na sama. Na tambaye ta ko tana shan wani abu ban da wanda na ba ta. Ta kawar da kai ta ce babu komai, lafiya lau take.

Sai na rubuta takarda ta uku, na ƙara ƙarfin maganin fiye da na baya, na aika ɗakin magani. Ba a jima ba na ji sallamar da na sani.

"Ranka ya daɗe, wannan ba zan bayar ba yau."

"Malam, mahaifiyata ce. Ni na duba ta da hannuna."

"Shi ne dalilin, Dakta. Kai ɗan fari ne. Ko ciwon kai ba za ta gaya maka ba, balle abin da take ajiyewa a ɗakinta."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don ya taɓa inda ban zata ba. Gaskiya ne ni ne ɗanta na fari. Tun da ta haife ni Inna ba ta taɓa kama sunana ba, "wancan" take ce mini. Ba ta kallon fuskata idan muna magana, kuma hirarmu ba ta wuce gaisuwa da sa albarka. Na tashi a haka, ban taɓa ganin aibunsa ba, har yau ma ban gani ba. Amma shekarun da na yi ina karatun likita ba su sa na yi tunanin cewa kunyar nan za ta biyo mu har ɗakin duba marasa lafiya ba. Maimakon in saurara, sai na miƙe tsaye na ce masa kemis ya cika garin nan, idan ba zai bayar ba zan saya da kuɗina. Ya ce, "Ba wanda ya isa ya hana ka. Amma ka ba ni zuwa jibi." Na fizge takardar na cusa a aljihu. Na isa ƙofar kemis ɗin ma, na zauna a mota na ɗan lokaci, sannan na juya. Har yau ban san abin da ya juyo da ni ba, in ba Allah ba.

Washegari Malam ya tura Habiba da Sadiqa Kanya Babba a motar haya. Ya ce kada su je da farar riga, kada su ce aiko su aka yi, su je dubiya kawai. Suka wuni da Inna, suka sha fura, suka taya ta tsintar wake, ta ba su labarin jikoki. Da rana ta take, Habiba ta ce bari ta ɗan auna ta. Ta auna, ta sake aunawa, don ba ta yarda da abin da ta gani ba. Jinin Inna ya yi ƙasa matuƙa, irin ƙasan da ke kayar da mutum ya kasa tashi.

Sannu a hankali maganar ta fito. Ƙanwata Barira tana aure a Magariya, a hayin iyaka. Da ta ji Inna na da hawan jini, sai ta riƙa sayen magani a can da sefa tana aiko mata a hannun direbobi. Inna ba za ta mayar da kyautar 'yarta ba, kuma ba za ta iya duban ɗanta likita ta ce tana shan maganin wani ba. Sai ta riƙa shan nawa da safe a gaban kowa, na Barira kuma ta ɓoye shi a cikin kwalla a ƙarƙashin gado tana sha ita kaɗai. Ranar da za a kawo ta asibiti kuwa ba ta shan ko ɗaya tun daga jajiberi, saboda maganin yana sa fitsari, ita kuma ba za ta ce a tsayar da mota cike da maza a kan hanya ba. Shi ya sa duk ranar da na auna ta nake ganin jini a sama, ni kuma in ƙara.

Malam ya shigo ofishina da ledar maganin da su Habiba suka ɗauko daga ɗakin Inna, ya rufe ƙofa kafin ya buɗe ta. Ya ajiye kwali biyu a gabana, ɗaya da rubutun Turanci, ɗaya da na Faransanci, launinsu daban, sunan da ke sama daban. Ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin ƙaramin rubutun da ke jikin kowanne. Magani ɗaya ne. Inna tana shan ninki biyu na abin da na rubuta, kuma takardar da ke aljihuna za ta ƙara a kan hakan. Ni likita ne, na san abin da wannan ke yi wa tsohuwa mai shekara saba'in da uku.

Bai ce ai na gaya maka ba. Ya ja kujera muka zauna muka tsara yadda za a rage maganin. Shi ya kira Barira da kansa, ya yi mata godiya a kan kulawarta, ya ce daga yau aikinta cuku da dabino, magani kuma a bar wa ɗakinsa. Ba wanda aka kunyata. Cikin mako biyu jiri ya ɗauke, Inna ta koma zuwa sunan jikokinta da ƙafarta. A fayil ɗinta ya rubuta cewa an sake duba magani an gyara, bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Ya kuma ja kunnen Habiba da Sadiqa, suka riƙe maganar shekara bakwai.

Daga ranar na daina faɗa da zaman Laraba. Na ba su ɗaki mai faɗi, na sa doka cewa duk takardar da Malam ya dawo da ita sai an duba kafin a ba da magani, har tawa. Masu faɗuwa a gida suka ragu, masu dawowa a sume saboda suga ya sauka suka ragu, musamman a watan azumi, don tun Sha'aban yake zaunar da masu ciwon suga ya tsara musu sahur da buɗa-baki. Malam Sama'ilu ya kai tiren har Yankwashi da rugagen Gwiwa. Wasu asibitoci suka turo mutanensu su gani.

A shekarar 2022 wata ƙungiyar ma'aikatan lafiya ta gayyace mu Dutse don ta karrama aikin. Aka ba Malam minti biyar ya yi bayani. Ya ba da labarin wata dattijuwa da wani likita da kwali biyu, bai kama suna ba, bai ko dubi inda nake ba. Da aka zo miƙa takardar yabo, sunana aka kira, don ni ne shugaban asibiti, kuma sunana ne a rubuce a jiki. Na hau, na karɓa, aka miƙo mini abin magana. A nan ya kamata in ce dattijuwar uwata ce, likitan ni ne, aikin kuma na wancan gajeren mutumin ne da ke tafi a layi na uku, shi da mutanensa uku. Sai na ji bakina yana godiya ga "dukkan ma'aikatanmu". A hanyar dawowa yana ɓarar gyaɗa yana miƙo mini, yana ba direba labarin noman rani, kamar ba abin da ya faru. Na ce a raina zan gyara a taro na gaba, taruka suka yi ta zuwa suna wucewa.

Malam, na zo duba ka a kwana na huɗu na jinyarka da niyyar in faɗa maka ko da mu biyu ne. Na zauna, na gyara murya, sai ka riga ni. Ka ce akwai wata mai asma daga Roni da aka canja wa magani, a tabbata ta iya shaƙar sabon maganin kafin a sallame ta. Ka ce idan ka daɗe a kwance, Sadiqa ta zauna a gaban tire, ta iya, kada in ga mace ce in kawo wani daga waje. Na ce to. Na tashi na fito da maganata a baki.

Ranar addu'ar uku Inna ta aiko a gaya wa "wancan" ya zo ya kai ta Roni. Shekararta tamanin yanzu, na so in hana ta wahalar hanya, aka ce mini ta riga ta ɗaura mayafi. Na raka ta har bakin ƙofar cikin gida na tsaya, don haka da kunnena na ji. Ta zauna kusa da Hajiya Rahamatu, uwargidan Malam, ɗaki cike da mata, ta yi gaisuwa, sannan ta ce, "'Yar nan, ki yi haƙuri. Wancan da na haifa likita ne, amma da ta shi ce da tuni an yi tawa addu'ar. Mijinki ne ya hana shi." Hajiya Rahamatu ta ce wallahi ba ta taɓa jin wannan magana ba, ko sau ɗaya bai kawo ta gida ba.

Tsohuwar da kunya ta hana ta gaya mini tana da wani magani, ita ce ta faɗi a gaban mata abin da ni na kasa faɗa a gaban maza. To, ga shi a rubuce, kowa ya karanta. Ni, Ashiru, na rubuta wa mahaifiyata takardar da za ta iya zama ajalinta, saboda ban tambaya yadda ya kamata ba, kuma girman kai ya hana ni sa ta a layin da na sa iyayen wasu. Malam Ukasha Maikasuwa ne ya ƙi bayarwa. Karramawar da aka yi a Dutse tasa ce, da Sadiqa, da Habiba, da Malam Sama'ilu, kuma na rubuta wa ƙungiyar na gaya musu haka. Ina kira ga 'yan'uwana likitoci, idan mutumin ɗakin magani ya dawo muku da takarda, ku ba shi kujera.

Ba na fargabar aikin zai mutu. Washegarin jana'iza Laraba ce, kuma an yi zama. Sadiqa ta zauna a gaban tire idonta jawur, mutum talatin da ɗaya suka juye ledarsu. Shekaranjiya ta yi sallama a ƙofata da wata takarda tawa a hannu, ta tsaya har na duba, kuma ita ce da gaskiya. Ka bar mutane a bayanka, Malam, ka kwanta da sanin haka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Rahamatu da 'ya'yansa shida, da dangin Maikasuwa na Roni, da abokan aikinsa, da tsofaffin da suka saba ganinsa duk Laraba. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya raya abin da ya bari, ya sa albarka a zuri'arsa. Ya Allah, ka ɗauke shi a cikin kwanaki masu alfarma, ka jiƙansa, ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka rufa masa asiri ranar da asirai ke tonuwa. Ni shaida ne cewa ya tsaya tsakanin kuskurena da mahaifiyata, har yau ina da uwar da ke sa mini albarka. Ka sa rahamarka ta tsaya tsakaninsa da wuta, ka saukar da shi a Aljannar Firdausi. Amin.